Baƙon Dole: Wa Ya Kamata Ya Sauke Shi?

 

Wannan mako na ajiye maganar ɗinki da girki, saboda wata takarda da ta zo mini daga 'yan matan wata makaranta a Tudun Wada. Sun ce malaminsu ya ba su kan muhawara, wai shin ya wajaba ƙasashe masu arziki su karɓi mutanen Siriya da yaƙi ya koro, ko kuwa bai wajaba ba? An raba su gida biyu, kowane gida na neman hujja, suka ce in taimake su. To, ni ba zan iya raba kaina biyu ba. Zan faɗi inda na tsaya, in kuma kawo hujjar waɗanda ba mu yi ra'ayi ɗaya ba yadda take, ba ragi. Kowace yarinya sai ta tsinci abin da zai amfane ta.

Ke kuma uwargida, kada ki ce wannan zancen maza ne na bakin masallaci. Duk baƙon da ya sauka a gida, maigida ne ke cewa maraba, amma ke ce mai ƙara awo, ke ce mai tashin yara daga ɗaki a share masa, ke ce mai lissafin ruwan randa. Ba wanda ya kai mace sanin nauyin baƙo. Saboda haka maganar tamu ce.

Bari mu fara da abin da ya faru, don akwai waɗanda ba su yi wayo ba a lokacin. Siriya ita ce babban yanki na ƙasar da malamanmu ke kira Sham. A watan Maris na 2011 mutanen wani gari da ake kira Dar'a suka fito zanga-zanga, bayan an kama waɗansu yara 'yan makaranta da suka yi rubutun sukar gwamnati a jikin bango. Gwamnatin Bashar al-Assad ta amsa musu da harsashi. Kafin a ce haka, abu ya zama yaƙin basasa, ƙasashen waje kuma suka tsoma hannu. Rasha da Iran suka tsaya wa gwamnati, Turkiyya da Amurka da waɗansu ƙasashen Larabawa suka tsaya wa ƙungiyoyin 'yan tawaye iri iri, ga kuma 'yan Da'ish sun shigo ba su bar kowa ba. Aka yi shekara 13 ana abu ɗaya. Ƙasar tana da mutum wajen miliyan 21 kafin yaƙi. Fiye da rabinsu sun bar gidajensu, fiye da miliyan 6 kuma sun ƙetare iyaka sun bar ƙasar ɗungum.

Mutanen Sham ba baƙin ido ba ne gare mu a Kano. Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki na gyaɗa ya buɗe, suka riƙa zuwa suna neman abinci. Su ne waɗanda kakanninmu ke kira Kwarori. Turawan mulki suna kiransu mutanen Siriya, ko da yake mafi yawansu daga yankin da yau ake kira Labanan suke, don a zamanin duk ƙasa guda ake lissafa su. Wajen da aka ba su a Fagge nan ne Kantin Kwari yake a yau, inda ake yi wa 'ya'yanmu sayayyar lefe, har yanzu kuma akwai titin Beirut a cikin Kano. Da yawansu ba da dukiya suka zo ba. An ba su wurin zama, suka yi ciniki, jikokinsu suka kafa masana'antu a Bompai da Sharaɗa, waɗansu Hausa a bakinsu kamar jakin Kano. Na kawo wannan ne don ku sani, in an ce mutumin Sham ya sauka a gari, Kano ta riga Jamus ganin abin da yake zama bayan shekara hamsin.

To, da yaƙin ya koro su, wa ya sauke su? A nan ne mafi yawan masu gardama ke yin kuskure, don in kika saurari rediyo a 2015 sai ki zaci duk mutanen Siriya Turai suka nufa. Ba haka ba ne. Maƙwabta ne suka ɗauki kayan. Turkiyya ita kaɗai ta sauke fiye da miliyan uku da rabi sa'ad da abin ya kai ƙarshen yawa. Jodan ta rubuta sunan fiye da 600,000, ta buɗe sansanin Za'atari a cikin hamada a 2012, wanda ya zama gari guda mai mutum wajen 80,000. Amma wadda ta fi ba ni tausayi Labanan ce. Faɗin ƙasarta duka kusan rabin Jihar Kano ne, mutanenta kuwa a lokacin ba su kai miliyan 5 ba. A watan Afrilu na 2014 waɗanda aka rubuta sunansu a can suka haura miliyan guda. Ku lissafa da kanku, 'yan makaranta. Kamar a ce gidan da ke da mutum takwas, rana ɗaya a ƙaro masa biyu, ba na kwana uku ba, na shekara goma, kuma tukunyar ba ta ƙaru ba. Makarantun gwamnati a Labanan har zubi biyu suka koma yi, 'yan ƙasa da safe, 'ya'yan baƙi da la'asar.

Ba a kan Siriya kaɗai haka take ba. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta sha faɗa cewa wajen bakwai cikin goma na masu gudun hijira a duniya, ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ne ke riƙe da su. Dalili kuwa a fili yake. Wadda gobara ta kama ɗakinta, gidan da ke jikin nata take faɗawa, ba ta tsayawa tambayar gidan wa ya fi yawan shanu.

Yanzu mu dubi masu arzikin. Tarayyar Turai a 2015 tana da mutum wajen miliyan 500. A wannan shekara waɗanda suka nemi mafaka a cikinta, daga Siriya da Afganistan da Iraƙi da sauran ƙasashe duka, wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ne. Ba ta jirgin sama suka je ba, don ba a ba su biza. Ta teku suka bi, cikin kwalekwalen roba, suna biyan masu fasa-ƙwaurin mutane kuɗin da suka sayar da gwalagwalan matansu suka tara. Fiye da mutum 3,700 suka halaka a Bahar Rum a shekarar. A farkon Satumba aka tsinci gawar wani ƙaramin yaro, Alan Kurdi, kwance rubda ciki a bakin teku a Turkiyya, da jar rigarsa da takalmansa. Hotonsa ya zaga duniya. Na ji waɗansu na cewa wace irin uwa ce za ta sa ɗanta cikin wannan kwalekwale? Ni kuwa na ce, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

Jamus, ƙarƙashin wata mace, Angela Merkel, ta ƙi rufe ƙofa. Mutum wajen 890,000 suka shiga neman mafaka a 2015 kaɗai, ita kuwa ta ce wa mutanenta za su iya. Suwidin ma ta karɓa da yawa in aka dubi ƙanƙantarta. Kanada ta aika da jirage ta ɗebo 25,000 kafin ƙarshen Fabrairu na 2016. Ingila ta yi alkawarin 20,000 cikin shekara biyar. Amurka, duk girmanta, Obama ya ce 10,000 cikin shekara guda, da Trump ya hau a Janairu na 2017 kuma ya dakatar da karɓarsu. Hangare ita kam shingen waya mai ƙaya ta kafa a iyakarta. Ƙasashen Turai suka zauna suka yi yarjejeniya za su raba mutum 160,000 a tsakaninsu don a rage wa Girka da Italiya nauyi. Da aka zo cikawa, wajen 35,000 kaɗai aka raba. A Maris na 2016 sai suka shirya da Turkiyya, za su ba ta Yuro biliyan 6, ita kuma ta tare mutanen kada su ƙetaro. Watau dai attajirin unguwa ya ba maƙwabcinsa kuɗi ya ce, riƙe mini baƙin nan a gidanka, kada in gan su a zaurena.

Kada kuma mu ce sai Turawa. Masu arzikin mai na Larabawa fa, Saudiyya da Kuwait da Ƙatar da Daular Larabawa? Harshe ɗaya, addini ɗaya da mafi yawan waɗanda aka koro. Gaskiya sun ba da kuɗi masu yawa, Kuwait ma sau uku tana tara ƙasashe a birninta don neman gudummawa, a 2013 da 2014 da 2015. Akwai kuma mutanen Siriya da yawa da ke zaune a can, gwamnatocin suna cewa 'yan'uwa suka ɗauke su, shi ya sa ba su kira su 'yan gudun hijira ba. Amma waɗannan ƙasashe ba su sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta 1951 ba, wadda ta hana a mayar da mai gudun hijira inda za a kashe shi. Zaman takardar aiki ne ko na ziyara, kuma duk wadda mijinta ya taɓa zama Makka ko Jidda ta san abin da ake nufi da iƙama ta ƙare. Saboda haka in kun tashi muhawara, ku sa su cikin lissafi.

To, ga hujjar ɗaya gidan. Ba hujjar banza ba ce, kada ku raina ta.

Suna cewa gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ko a Jamus akwai tsohuwa mai ƙaramin fansho, akwai magidanci mai jiran gidan haya shekara da shekaru. In ya ga an ba baƙo ɗaki kafin shi, dole ransa ya sosu. Wannan gaskiya ne, kuma ni na lura masu kuɗin ƙasa ba su ne ke zama ƙofa da ƙofa da baƙin ba, talakawan ƙasar ne. Kamar dai a gida, maigida ya yi kyauta a zaure, uwargida ta biya a madafa.

Suna kuma maganar tsoro. A Nuwamba na 2015 aka kashe mutum 130 a birnin Faris, aka kuma gano biyu daga cikin maharan sun shigo Turai ne ta Girka, sun saje da masu gudun hijira. A Agusta na 2024 wani mutumin Siriya ya kashe mutum uku da wuƙa a wajen wani biki a garin Solingen na Jamus. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji su. Sa'an nan ga bambancin al'ada da harshe da addini. Wannan tsoro shi ya ɗaga jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi, har ta shiga majalisar Jamus a 2017.

Ni ban ce ƙarya ne ba. Amma ku dubi abu guda. Mutanen da suka kai harin Faris, irinsu ne suka kori waɗannan bayin Allah daga gidajensu. Mafi yawan maharan ma a Faransa da Beljiyam aka haife su. In kura ta shiga garke ta saje da awaki, makiyayi tsayawa yake a bakin ƙofa ya tantance, ba ya barin awakin duka a daji su kwana. Wanda aka ɗauko ta hanyar hukuma, aka bincike shi tun yana sansani, aka san sunansa da na ubansa, ya fi sauƙin sani a kan wanda rufe ƙofa ya tilasta masa haurowa da dare. Ƙasar da ke da na'urar ɗaukar hoton yatsa a kowace tashar jirgi ba za ta ce mini ba ta iya tantancewa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina ita ce ta uku. Suna cewa, maimakon a kwaso su zuwa ƙasar sanyi inda ba su jin magana, gara a aika da kuɗi a taimake su a kusa da gida, kuɗin da zai riƙe mutum ɗaya a Jamus zai riƙe da yawa a Jodan. Da an cika wannan magana, da na yi shiru. Amma a Disamba na 2014 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta dakatar da katin abinci na mutanen Siriya miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, don kuɗin da aka yi mata alkawari ba su zo ba. Aka yi roƙo aka mayar, a 2015 kuma aka sake zaftarewa. Shekarar da aka rage abincin ita ce shekarar da mutane suka yi ta kwarara teku. Mai cewa zai aiko da tuwo, in ba ya ganin fuskar mai jin yunwa, saurin mantawa gare shi. Mu ma mun ɗanɗana, don da Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, a 2025, asibitocin yara masu tamowa a Arewa maso Gabas na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu.

Baƙon kuma ba ya dawwama yana cin na wasu. Binciken da aka yi a Jamus ya nuna cikin waɗanda suka shiga a 2015, kusan biyu cikin uku suna aiki bayan shekara tara. Likitoci 'yan Siriya da ke aiki a Jamus sun haura 5,000, sun fi na kowace ƙasar waje yawa. A 2023 kaɗai fiye da 75,000 suka zama 'yan ƙasa. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai, mata masu aiki a cikinsu wajen ɗaya cikin uku ne kawai. Renon yara ya riƙe su a gida, ba su samu zuwa ajin koyon harshe ba. Ko a ina aka je, mace ce ta ƙarshe a layi.

Tun da na taɓo mata, bari in tsaya a nan kaɗan, don ku 'yan makaranta wannan ya fi shafa. In iyali suka daɗe a sansani, ba gona, ba izinin aiki, abin da ake fara sayarwa kayan ɗaki ne, abin da ake fara cirewa kuwa karatun 'ya mace. Hukumar UNICEF ta duba auren da aka rubuta na mutanen Siriya a Jodan, ta ga waɗanda amarya ba ta kai shekara 18 ba sun tashi daga 12 cikin 100 a 2011 zuwa 25 cikin 100 a 2013. Ba don iyayen ba sa son 'ya'yansu ba. Uba ya dubi tanti ba ƙofa, ya dubi tukunya, sai ya ga gara ya rage baki guda, ya kuma sami mai tsare masa ita. Yarinyar da ta bar aji tana shekara 13 ba ta komawa, ko da an gama yaƙi. Ana iya sake gina gada, amma shekarun karatu in sun wuce sun wuce. Wannan shi ne babban dalilina na cewa zaman jira a sansani shekara goma ba taimako ba ne da za a yi alfahari da shi.

Saboda haka ni ina gidan masu cewa ya wajaba. Ban ce ƙasa guda ta kwashe duka ba, ban kuma ce a buɗe ƙofa ba mai gadi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da na ce, kowa ya ɗauka gwargwadon ƙarfinsa, kuma mai ƙarfi ba zai tsaya gefe yana yi wa rarrauna sannu ba. Balle ma waɗansu daga cikin masu arzikin nan, jiragensu da makamansu na cikin abin da ya rushe garuruwan.

Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu gama nuna Turai da yatsa, mu dubi gida.

Mu kanmu mun yi gudun hijira, ba sau ɗaya ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa har Sudan, aka ba su wuri a bakin kogin Nilu, garin da har yau ake kira Mai Wurno. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, Hausawan zango da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. Sai ga shi a Janairu na 1983, zamanin Shagari, mu ma muka kori baƙi wajen miliyan biyu, kusan rabinsu mutanen Gana. Jakar nan mai zane-zane da kike zuba kayan yara in za ki ganin gida, daga wannan kora ta samo sunanta. Duk sa'ad da kika zuge ta, ki tuna.

A zamaninmu kuma, Boko Haram ta raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu. Mafi yawansu ba sansani suka shiga ba, gidajen mutane suka sauka, a Maiduguri da Yola da Gombe da nan Kano. Fiye da 100,000 suka ƙetara zuwa Diffa a Nijar, waɗansu Kamaru ta zuba su a sansanin Minawawo. Daga 2019 kuma 'yan bindiga suka koro mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubbai suka faɗa jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yara. Mutanen ƙauyukan Gidan Rumji suka sauke su a ɗakunansu tun kafin wata hukuma ta iso da buhu ko ɗaya. Nijar kuwa a wannan lokaci ita ce ta ƙarshe a jerin ci gaban ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ku ji fa, ta ƙarshe. Matar da ke auna gero da tiya tana lissafin ko zai kai kaka, ita ce ta ce wa 'yar'uwarmu shigo. In ita ta iya, da wane baki mai rumbu goma zai ce ba wuri?

Mu nan kudancin Kano Allah ya rufa mana asiri, amma mun san ƙanshin abin. Tsofaffin Bebeji ba su manta da tashin da aka yi wa ƙauyuka ba sa'ad da aka gina madatsar ruwa ta Tiga, zamanin Audu Baƙo, aka gama a 1974. Ba yaƙi ba ne, gwamnati ce ta tashe su don amfanin jama'a, amma ku tambayi wata kaka yadda ake ji in an bar kushewar iyaye a ƙarƙashin ruwa. Hanyar nan kuma da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore da Doguwa ta nufi Jos, iyayenmu sun ga abin da ta ɗauko a 2001 da 2008 da 2010, motoci shaƙe da mata da katifu. Yau ma da wuya a rasa, a Kiru ko Bebeji, matar da ta zo daga Zamfara ko Borno tana aikatau ko tana surfe a gidan mutane.

To, yaya muke yi da ita? A nan ne nake jin kunya. Akwai masu gida da ke ƙin ba da haya da sun ji harshen mutum ya nuna Barno. Akwai uwargidan da ke biyan 'yar gudun hijira rabin abin da take biyan 'yar gari, don ta san ba ta da inda za ta kai ƙara. Akwai yaran da ke tsokanar ɗan'uwansu a aji suna kiransa ɗan Boko Haram, alhali Boko Haram ce ta mayar da shi maraya. Wannan ba shi da bambanci da shingen wayar Hangare, sai dai namu ba a ganinsa a hoto. Mutanen kirki kuma ba su ƙare ba. Lambar yabon nan ta Nansen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Merkel a 2022, ta riga ta ba wani ɗan Maiduguri a 2017, Zannah Mustapha, wanda ya buɗe makaranta ya haɗa marayun ɓangarorin biyu a aji ɗaya.

Saura magana guda, don kada abokan muhawararku su ba ku mamaki da ita. Za su ce ai yaƙin ya ƙare. Gaskiya ne gwamnatin Assad ta faɗi ranar 8 ga Disamba 2024, ya gudu Rasha, shi ma ya zama ɗan gudun hijira. Washegari Jamus da Ostiriya da waɗansu ƙasashe suka dakatar da duba takardun mutanen Siriya masu neman mafaka, 'yan siyasa suka fara kiran a mayar da su. Zuwa Satumba na 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum miliyan guda sun koma da ƙafarsu, yawancinsu daga maƙwabta. Wannan ya nuna baƙon dole ba ya son zaman gidan wani, da ya sami hanya zai tafi.

Amma komawa ina? Unguwanni da yawa a Halab da Hims kango ne, ba ruwa, ba wuta, gonaki cike da nakiyoyi. A Maris na 2025 an yi kashe-kashe a garuruwan bakin teku, a Yuli kuma a Suwaida. Sa'an nan ga yarinyar da aka shiga da ita Jamus a goye a 2015, yanzu ta kusa gama firamare, Jamusanci take mafarki da shi, ba ta taɓa ganin Siriya ba sai a wayar uwarta. Ita ina ne gidanta? Ra'ayina, wanda ya ga zai iya komawa a taimake shi da kuɗin mota da na kwanon rufi, a kuma bar shi ya je ya dubo tukuna ba tare da an soke masa takardar zama ba. Wanda bai ga hali ba, kada a tura shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan amsa takardar wata uwargida daga Doguwa da ta tambayi yadda ake sa yaron da ya zo ba takardar haihuwa a makarantar firamare.